Littafi 70, daga Layya zuwa Layya

A gidajen ma'aikatan gwamnati da yawa na ƙasar nan, daga Yamai zuwa Tawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, akwai akwatin littattafai da ke kwance a ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure. Mai gidan ya saye su da guminsa tun yana saurayi, ya yi ta jigilarsu gari-gari duk inda aka tura shi aiki, sa'an nan ranar da ya kwanta dama sai su zama kayan da ba su da magaji. Gida yana da mai so, gona tana da mai so, ko tsohuwar moto ba ta rasa mai cewa a ba shi, amma littafi magadansa biyu ne, gara da mai tsire. A kan irin wannan akwati na ɗauki wani alkawari da ya cinye mini shekara guda cur, kuma labarinsa nake so in ba ku a wannan mako, ko Allah zai sa wani ya tsinci abin amfani a ciki.

Wana, Allah ya jiƙansa, mushen lakwal ne. Ya kama alli a 1975, ya yi shekara 30 da ɗoriya yana koyarwa a ƙauyukan jihar Damagaram, yau ƙasar Magarya, gobe ta Tanut, jibi ta Gure, har ya ajiye aiki ya dawo gida. Ya rasu a farkon 2024. Da aka zo rabon gado, malamai suka yi wa gida kuɗi, suka yi wa gona da awaki da moto, kowa ya san rabonsa. Da aka iso kan wani akwatin ƙarfe mai nauyi, aka ɓalle kwaɗo, aka ga takardu ne, sai aka ture shi gefe. Wani yaro daga cikin dangi ya ce masu tsire da masu ƙosai suna sayen tsohuwar takarda, ba za a rasa jika 2 ko 3 ba. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Na roƙi magada su bar mini akwatin amana, suka yarda. Da na kai shi gida na ƙirga, sai na samu littafi 70 cif, 12 na Hausa, sauran na Faransanci.

Duk wanda ya ci albashin gwamnati a shekarun 1990 ya san irin kuɗin da aka sayi waɗannan littattafai da shi. Lokaci ne da ma'aikaci kan yi wata biyu, wata uku, ba a biya shi ba, yana cin bashin gero wajen ƴan kasuwar garin da yake aiki. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har da littafi. Wana yana da al'adar rubuta ranar saye da farashi a shafin farko. Na ga wanda ya saya jika 6 a 1995, sai na tuna cewa a wannan shekara da riga ɗaya ya yi salla biyu. Saboda haka maganar jika 3 kuɗin akwatin duka ta tsaya mini a rai.

Ina da wani amini, ɗan kasuwa ne a nan Zango, tare muka yi makarantar allo, ni aka kai ni lakwal, shi ya bi mahaifinsa fatauci. Yana da shago a jikin gidansa wanda ya daɗe a rufe, wasu samari kuma suna nema haya don su sa cajin salula. Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni aron shagon nan in jera littattafan marigayi, yaran unguwa su riƙa zuwa karatu." Ya dube ni ya ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne, ba na ajiye buhun da mai shi bai san abin da ke ciki ba. Kai ka karanta su?" Na ce kaɗan daga ciki mun yi su a lakwal, sauran shekarun kuwa karatunmu na biro ne, rahoto da wasiƙa da lissafin kasafi. Ya ce, "To, ka karance su duka, daga wannan Layya zuwa mai zuwa, kuma kowace Juma'a bayan la'asar ka zo ka gaya mini abin da ka samu. In ka cika, shago naka ne shekara 5 ba haya. In ka kasa, in ba yaran nan su sa cajinsu, kai kuma ka san inda za ka kai akwatinka." Ba caca muka yi ba, don ban ajiye ko dala ba. Sharaɗi ne na mai kyauta, ni kuma na karɓa a gaban shaidu biyu, alkawari kuwa kaya ne.

Nan take Alhaji ya sa aka tara shafuffukan, suka kama wajen 14,000. Ya ce daga Layya zuwa Layya kwana 354 ne, wato shafi 40 a rana, littafi guda kowane kwana 5. Na fara a watan Yuni na 2024, washegarin rabon nama. Na kasa littattafan kashi uku, na Hausa, na labaran Faransanci, da na tarihi da sauran fannoni, ina cakuɗa su don kada mai nauyi ya bi mai nauyi. Lokaci kuma na yanka shi biyu. Daga sallar asuba zuwa hantsi na ba littafi mai wuya, domin a sa'an nan kai yake a sake, bayan lisha kuma na ba labarai. Salula na kan miƙa wa mai ɗakina ta ajiye har in gama. Na sayi kaye da bik, duk littafin da na rufe sai in rubuta shafi guda a kansa: wa ya rubuta, yaushe, me yake cewa, me na yarda da shi, me ban yarda ba. Wannan kaye shi nake ɗauka zuwa wajen Alhaji.

Abin da ya fi ba ni wuya tun farko shi ne jama'a. A ƙasarmu, mutumin da ke zaune da littafi a hannu ana ɗaukarsa wanda ba ya komi. In kana auna hatsi ko kana ƙirga kuɗi, mai sallama zai jira. In Alƙur'ani kake karantawa, zai zauna shiru har ka kai aya. Amma in littafin boko ne, sai ya ja tabarma ya ce, "Gara da na same ka ba ka aiki." Ga suna, ga ɗaurin aure, ga zaman makoki, kuma babu wanda mai mutunci zai ƙi zuwa don yana da shafi 40 a wuyansa. Dabarar da na yi ita ce na bayyana wa kowa alkawarin. Da labari ya bazu, sai masu hana ni karatu suka koma masu tsarona, har mai shayin bakin titi kan tambaye ni littafi na nawa nake.

Na ɗauka da na Hausa zan huta, ashe nan ne tafiya za ta yi nauyi. Mu da muka yi lakwal ta Faransanci, da Hausa aka haife mu, da ita muke ciniki, da ita muke faɗa da sulhu, amma ba a koya mana rubutunta ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a nan Damagaram, sai dai yara kaɗan suka samu shiga irinta. Idon da ya saba da "ou" da "tch" da "ch" sai ya yi ta tuntuɓe a kan "u" da "c" da "sh", ga kuma haruffa masu lanƙwasa. Bugu da ƙari, rubutun ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, saboda haka garin zama da garin tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, haka kukan yaro da kukar miya. Maganin da na samu shi ne karatu da ƙarfi, kunne ya riƙa gyara wa ido. Cikin mako biyu harshe ya sake.

Wannan karatu da ƙarfi ya jawo mini abin da ban zata ba. Dare na uku da fara Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga kashi uku a ƙarshen shekarun 1930, na ɗaga kai sai na ga jikokina da ƴaƴan maƙwabta sun zagaye ni, suna sauraron yadda aku yake riƙe ɗan sarki da labari don kada ya fita. Daga nan suka hana ni karanta na Hausa ni kaɗai. Tare muka bi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, waɗanda suka fito a 1934 daga gasar rubutu da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933. A watan Maris na 2025, ina tsakiyar wannan aiki, kundin da hukumomin ƙasa suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na ce a raina, doka tana iya ba harshe kujera, amma masu karanta shi sai an raine su ɗaya bayan ɗaya, a tsakar gida, kamar yadda ake rainon dashe.

Littattafan tarihi su suka cika zauren Alhaji. Da na kai masa littafin Andre Salifu na 1971 a kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19, wato malamin nan ɗan garin nan da ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991, sai ya aika aka kira abokansa na kasuwar Dole. Na ba su labarin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙeran gari suka ƙera igwa, ya rasu a 1884. Na ba su labarin kisan Bafaranshe Kazamaju a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899, da yadda Damagaram ta zama babban birnin mulkin mallaka har 1926 da aka mai da shi Yamai. Alhaji ya ji daga kakansa cewa ayarinsu yana kai fata da gashin jimina Tarabulus ta hanyar Gat. Littafi ya tabbatar masa da haka, ya kuma ƙara masa abin da ba a cika faɗa wa jikoki ba, wato akwai bayi a cikin hajar da ke bin wannan hanya. Mako guda kafin nan na ba su labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ranar nan zaure ya yi tsit, aka tashi ba a sha shayi na uku ba.

Haka kuma da muka zo kan Sarauniya na Abdulaye Mamani, wanda aka buga a 1980. Na gaya musu yadda rundunar Vule da Shanuwan ta ratso ƙasar nan a 1899 tana ƙone garuruwa, yadda Sarauniyar Lugu ta tare ta a watan Afrilu, da kisan gillar da aka yi a Birnin Ƙonni, da yadda sojojinsu da kansu suka kashe jami'an biyu a watan Yuli. Da na ce kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa, sai Alhaji ya riƙe baki, domin ya ratsa garin da mota sau ba adadi a kan hanyarsa ta Maraɗi. Na kuma ja hankalinsu cewa littafin Mamani ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi, marubucin ya sa wa mutane magana a baki, ya ƙara gishiri inda ya ga dama, alhali na Salifu bincike ne da ke faɗin inda ya samo kowace magana. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya ce ashe littafi ma kamar yadi ne, sai an murza shi a san irinsa.

Amma abin da ya fi duka daraja a cikin akwatin ba mawallafa suka rubuta shi ba. Wana mutum ne mai kawaici, kuma kun san kunyar da ke tsakanin wa da ƙane a ƙasar Hausa, gaisuwa da tambayar iyali, sai kowa ya yi shiru. Ashe hirarsa a gefen shafi yake yin ta, da fensir. A cikin littafin Shehu Hamidu Kan na ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1961, labarin yaron da aka ɗauke daga makarantar allo aka kai lakwal har Faris ya rasa inda zai tsaya, wana ya ja layi a wurare da yawa, a wani gefe kuma ya rubuta sunan mahaifinmu kawai, ba ƙari. A cikin wani littafin ya rubuta sunan ƙauye da shekarar 1984, shekarar fari da yunwa, ya ce yara 11 suka rage masa cikin 46, sauran iyayensu sun yi kudu da su. A tsakiyar wani kuma na tsinci wasiƙar da ya fara rubuta wa wani magidanci, yana roƙonsa ya bar ƴarsa ta ƙare aji shida kafin a yi mata aure. Ya soke, ya sake, ya soke, har sau uku, yana neman kalmar da ba za ta ɓata wa uban rai ba. A shekara guda na ji daga bakinsa abin da ban ji ba a shekara 60 da muka yi tare a duniya. Da akwatin ya tafi wajen mai tsire, da wannan murya aka naɗe nama.

Ba duka ne zuma ba. Akwai na nahawun Faransanci, da na dabarun koyarwa, waɗanda na haɗiye kamar maganin zazzaɓi. Akwai wani a kan ƙasar noma da na ɗauka zai kashe ni da barci, sai ga shi ya bayyana mini dalilin abin da kowane manomi ya sani a aikace, wato gero ya fi kyau a gindin gawo, domin itacen yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. A watan Satumba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana 9, Alhaji ya zo dubiya, ya yi mini addu'a, sa'an nan ya buɗe littafin bashinsa ya rubuta mini shafi 360. Na biya da hunturu, ina ƙara shafi 10 kullum har kwana 36. Azumi ya zo a watan Maris, zafin Afrilu da Mayu ya biyo baya, wuta tana ɗaukewa, ina karatu a tsakar gida da fitila mai cajin rana, gumi yana ɗiga a kan tabarau. A waɗannan watanni na gane gaskiyar masu cewa da yayyafi kogi kan cika.

Ana saura kwana 4 Layyar 2025 na rufe littafi na 68. Biyun da suka rage gara ta riga ta cinye tsakiyarsu tun suna hannun mai su, na karanta farko da ƙarshe, na kai wa Alhaji su a hannu don ya yanke hukunci da kansa. Ya juya su, ya hura ƙurar, ya ce, "Malam, hajar da gara ta ci tun a rumbun mai ita, ba a bin dillali kuɗinta." Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini mabuɗi. Yanzu shagon yana buɗe yamma uku a mako. Babban ɗan marigayin ne ya buga katakon jera littattafai, ƙanwarsa ke riƙe da kayen aro. Masu zuwa yawancinsu ƴan kolej ne da lise, sai wasu samarin fada da suka fara leƙowa don inuwa suka zarce. Littattafan Hausa su suka fi shan hannu. An ari 3 ba a dawo da su ba, amma matar wani tsohon ma'aikaci da ya rasu ta aiko da 24 na mijinta, ta ce ta ji an samu inda ba za a wulaƙanta su ba.

Ya ku ƴan kasuwa, kun fi kowa sanin cewa da ƙaramar riba ake gina babban gida. Shafi 10 a rana, wanda bai kai lokacin shan shayi ɗaya ba, shi ne shafi 3,650 a shekara, wato littafi 18 masu shafi 200. In ba ku karanta boko, ku sa yaro ya karanta muku na Hausa bayan an rufe kanti, ku amfana shi ma ya amfana. In kuma akwai shagon da ke rufe, ku tuna ba haya kaɗai ce riba ba. Ku kuma ƴan'uwana ma'aikata, masu aiki da waɗanda suka ajiye, ku jawo akwatin nan ku kakkaɓe, ku ƙirga, ku yanka wa kanku wa'adi, ku sanar da wani mai gaskiya da zai riƙa tambayarku, domin alkawarin da mutum ya yi wa kansa shi kaɗai saurin warwarewa gare shi. Sa'an nan ku faɗa wa iyali tun kuna da rai inda kuke so a kai littattafanku, kamar yadda kuke faɗin inda takardar gida take.

Allah ya jiƙan malamanmu na allo da na lakwal, ya saka wa masu taimakon ilimi da alheri, ya sa abin da muka karanta ya amfane mu.